Idan Jijiyar Gaban Kunne Ta Ƙi: Yadda Nake Zaɓen Wata Don Baifas Na Ƙwaƙwalwa

Wannan rubutu na ƙannenmu ne masu koyon tiyatar ƙwaƙwalwa, da likitocin da ke turo mana marasa lafiya suna son sanin abin da muke dubawa. Wanda ba likita ba ma zai iya bi, don kowace jijiya zan kira ta da wurin da take kwance.

Ga abin da ake nufi da baifas. Jijiyar da ke kai wa wani sashe na ƙwaƙwalwa jini ta toshe ko ta tsuke, sai a ɗauko wata daga wajen ƙoƙon kai, a buɗe ƙashi, a ɗinka bakinta a jikin wata 'yar jijiya da ke kwance a saman ƙwaƙwalwa. Tun da Gazi Yasargil ya fara yin aikin a Zurik a 1967, wadda kowa ke fara kai wa hannu ita ce ta gaban kunne, wadda za ka ga an rubuta STA a fayil. Ɗora yatsa gaban kunnenka, saman ƙashin kunci, za ka ji bugunta. Daga nan take hawa ta rabu biyu, reshe ɗaya ya nufi goshi, ɗaya ya miƙe tsakar kai. Ga ta kusa, kaurinta milimita 1 zuwa 2, daidai da jijiyar da za a haɗa ta da ita, kuma ɗinki wuri ɗaya ne kawai.

Sai dai ba kullum take samuwa ba. Wani an taɓa buɗe masa kai an yanke ta. Wani an riga an yi amfani da ita a aikin farko, cutar kuma ta ci gaba. Wani sara ne ko haɗarin babur, wani gashin ciwon daji da aka yi masa ne ya ƙeƙasar da ita, wani kuwa haka Allah Ya halicce ta, siririya kamar zare. Akwai kuma wanda tasa tana nan lafiya lau a ido, amma babu jinin kirki a cikinta.

Kafin neman jijiya, aikin ma ya kamata?

Ba na tsallake wannan tambaya, domin rashin jijiyar gaban kunne yakan sa aiki ya ƙara tsawo da haɗari, ribar kuwa ba ta ƙaruwa. Babban binciken da aka buga a 1985, mai mutum 1,377, bai nuna cewa baifas ya fi magani hana shanyewar ɓarin jiki ba. Aka ce ai ba a tace marasa lafiyar da kyau ba ne. Binciken COSS na Amurka, wanda ya fito a 2011, ya tace mutum 195 waɗanda hoto ya tabbatar ƙwaƙwalwarsu na fama da ƙarancin jini. Ɗinkin ya yi kyau, kusan duk hanyoyin da aka haɗa sun zauna a buɗe, amma bayan shekara biyu kashi 21 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa aiki sun samu shanyewar jiki, na magani kuma kashi 22.7. Abin da ya cinye ribar shi ne watan farko, inda kimanin kashi 14 na waɗanda aka yi wa aikin suka samu shanyewar jikin. Na ƙasar Sin da ya biyo baya a 2023, mai mutum 324, shi ma bai kawo bambancin da za a kafa hujja da shi ba.

Saboda haka dattijon da kitse da hawan jini suka toshe wa jijiyar wuya, magani ne gaba: asfirin, maganin kitse, gyaran hawan jini da suga, barin taba. Ina kawo maganar wuƙa ne ga wanda yake shan maganinsa yadda ya kamata amma alamun suna ta dawowa, musamman in ya miƙe tsaye ko jininsa ya sauka, kuma gwaji ya nuna jijiyoyin wurin sun buɗe iya buɗewarsu, ba sauran rara. Inda aikin ya fi samun gindin zama shi ne cutar moyamoya, wadda manyan jijiyoyin gindin ƙwaƙwalwa ke tsukewa a hankali. A nan ne kuma aka fi sake komawa kai karo na biyu, a tarar ta gaban kunne ta riga ta tafi.

Tambayoyi biyu a gaban hoto

Kada ka yarda da hoton jijiyoyi da aka harba ruwansa a jijiyoyin cikin kai kaɗai. Ka nemi a harba a reshen wajen kai ma, wato reshen babbar jijiyar wuya da ke ciyar da fuska da fatar kai, dama da hagu, har da jijiyoyin ƙashin wuya biyu. Ni nakan zauna da hoton in bi kowace jijiya da tambaya biyu: daga ina take samun jini, kuma wa take ciyarwa yanzu?

Ta biyun ce matasa suka fi mantawa. Idan jijiyar cikin kai ta daɗe a toshe, jiki yakan yi wa kansa dabara. Za ka ga reshen goshi yana tura jini ta kwarmin ido, jinin ya bi jijiyar ido da baya ya shiga ƙwaƙwalwa. Za ka ga jijiyar tantanin ƙwaƙwalwa ta fitar da 'yan saiwoyi ta kama saman ƙwaƙwalwa da kanta. Duk jijiyar da take irin wannan aiki, hannunka ya fita daga kanta. In ka yanke ta don ka dasa a wani wuri, ka rushe baifas ɗin da ke aiki ne ka gina wanda ba ka da tabbas a kansa.

Bayan hoto sai hannu da ido. Tona gashi ka duba tsofaffin tabo, ka tambayi na mene ne. Ka bi hanyar jijiyar da na'urar Dofla, mai jiyo ƙarar gudun jini, kana ɗiga maka a fata, kuma ka yi haka kafin a ɗaure kai da ƙusoshi, don kada ƙusa ta sauka a kan abin da ka zo nema. Allurar kashe zafi mai adirenalin kuwa, nesa da layin da ka zana.

Fara da abin da ke kusa

Sau da yawa da aka ce babu jijiyar gaban kunne, reshe ɗaya ne babu. In na tsakar kai ya tafi, duba na goshi. Aikinsa na buƙatar kula, don jijiyar da ke ɗaga gira tana ratsa ƙasa da shi, in ka yi ƙasa da yawa mutum ya farka gira ɗaya a kwance. In rassan biyu sun lalace amma kututturen yana bugawa a gaban kunne, ana iya jona masa gajeren yanki na wata jijiya a kai shi ciki.

Daga nan sai ta bayan kunne. A mafi yawan mutane ƙarama ce, ba ta wuce saman kunne. Amma na lura da abin da wasu ma suka rubuta: idan reshen tsakar kai ya zo a tsumbure, sau da yawa ta bayan kunne ce take girma ta rufe gurbinsa. In ka same ta ta kai milimita ɗaya kuma ta hau sama sosai, ka yi sa'a, domin hanyarta tana bi ta kusa da inda ake buɗe ƙashi, wato kimanin santimita 6 sama da ramin kunne, inda rassan baya na jijiyar tsakiyar ƙwaƙwalwa ke fitowa fili. Aikin kusan ɗaya ne da wanda ka saba, yankan ne kawai zai ja baya kaɗan.

Jijiyar tantanin ƙwaƙwalwa an taɓa ɗinka ta kai tsaye tun ƙarshen shekarun 1970, amma bangonta ba ƙwari, kuma raba ta da tantanin wahala ne. A moyamoya ma barin ta a inda take ya fi amfani: a yanka tantanin a gefenta, a naɗe shi ciki ya kwanta a kan ƙwaƙwalwa.

Jijiyar ƙeya

Ita ce ta biyu a wurina in ta gaban kunne ta faɗi, kuma ita ce ta ɗaya in matsalar tana bayan kai. Robert Spetzler da Norman Chater sun haɗa ta da reshen jijiyar tsakiyar ƙwaƙwalwa a 1974, a 1976 kuma aka fara kai ta ga jijiyar ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙasa. Kaurinta ya isa, jininta ya isa. Halinta ne sai haƙuri.

Tana tasowa daga bayan reshen wajen kai, ta shige ƙarƙashin ƙashin bayan kunne, ta ratsa tsakanin tsokokin wuya tana lanƙwasa, sannan ta ɓullo ƙarƙashin fata a layin da tsokar wuya ke manne da ƙoƙon kai, kimanin santimita 3 zuwa 4 daga ƙullutun tsakiyar ƙeya. Daga nan sai ta hau tare da babbar jijiyar jin taɓi ta ƙeya, wani wuri su haɗu, wani wuri su sarƙe. Ta gaban kunne in ka ɗaga ta sai ta biyo ka. Wannan kuwa a manne take da nama mai tauri, kowane milimita sai ka yanka da almakashi a ƙarƙashin madubin ƙara girma.

Abin da zai rage maka wahala shi ne sanin tsawon da kake bukata tun kafin ka fara. In saman ƙwaƙwalwa za ka kai ta, bayan kai ko gefe, sashen da ke sama da layin tsoka ya wadatar, ba sai ka shiga cikin wuya ba. Fara daga can sama inda Dofla ke ƙara, ka gangaro. In ƙaramar ƙwaƙwalwa ce manufa, to dole ka bi ta cikin tsoka hawa-hawa har gindin ƙashin bayan kunne, kuma wannan kaɗai na iya cin awa guda ko fiye kafin a taɓa ƙashi. Ka shaida wa likitan barci tun da wuri. Ƙananan rassanta ka ƙone su nesa da jikinta sannan ka yanke, kada ka ja. In ta fito, warware lanƙwasarta a hankali, za ka ga ta ƙara tsawo fiye da yadda ta nuna a hoto. Naɗe ta a auduga mai maganin da ke sa jijiya ta saki, kuma kada ka yanke bakinta sai wurin da za ta sauka ya shirya.

Mutum zai kwanta rub da ciki ko a gefe na sa'o'i, ga ƙwaƙwalwar da dama jininta ƙiris ne. Lanƙwasa wuya da yawa na iya matse jijiyar da ta rage masa. Nakan tsaya in duba wuyan da kaina kafin a rufa zane.

Jijiyar cikin muƙamuƙi

Reshen wajen kai yana ƙarewa ne da 'ya'ya biyu: ta gaban kunne, da wata da ta fi ta kauri wadda ke shigewa bayan ƙashin muƙamuƙi ta kwanta a ƙarƙashin gindin ƙoƙon kai, cikin tsokokin tauna. Saleem Abdulrauf, wanda a lokacin yake Sant Luwis a Amurka, shi ne ya bayyana hanyar isa gare ta daga cikin kai a 2011: a ɗaga tantanin ƙwaƙwalwa daga daɓen ramin tsakiya na gindin ƙoƙon kai, a huda ƙashi a gefen ramuka biyu da rassan jijiyar jin taɓin fuska ke fita, a same ta a ƙasa. Wasu kuma sukan cire ƙashin kunci, su bi jijiyar da ke ƙarƙashin tsokar tauna har ta kai su ga uwarta.

Ba ta da tsawon da za ta kai ƙwaƙwalwa da kanta, sai an jona mata yanki. Abin so a nan, yankin gajere ne, ba a yanka wuya, ba a haƙa masa rami a ƙarƙashin fata, ɗinkin biyu duka a fili ɗaya suke. Abin ƙi kuma, ramin yana da zurfi da ƙunci, kewaye yake da tarin jijiyoyi masu dawo da jini waɗanda in suka fara tsiyaya sai ka rasa inda kake, kuma a wani mutum tana bi ta saman tsoka, a wani ta ƙasa. Duba hoton siti, wato CT, ka san wace iri ce kafin ranar. Mara lafiya yakan yi kwanaki baki ba ya buɗuwa sosai.

Ra'ayina a kanta: ta fi dacewa da inda za a rufe babbar jijiya gaba ɗaya, kamar kumburin jijiya ko ƙari, ana neman madadi cikakke. Ƙwaƙwalwar da ta daɗe cikin ƙarancin jini ƙari take so, ba ambaliya ba. Jijiyoyin fatar kai kan ba da ƙasa da mililita 50 a minti, su ƙaru a hankali gwargwadon bukata. Yankin da aka ɗauko daga ƙafa kuwa yana iya zubo fiye da 100 tun ranar farko, cikin jijiyoyin da suka manta yadda ake tsukewa. Sakamakon ciwon kai mai tsanani, farfaɗiya, kumburi, wani lokaci zubar jini. Ga shi kuma dole a ɗinka shi a babban reshe can cikin tsagin ƙwaƙwalwa, wanda matse shi na mintuna 20 ko 30 ya fi haɗari. Ina ajiye ta ne sai na rasa na fatar kai. Wanda bai yi ta a kan gawa a ɗakin koyo ba kuwa, kada ya fara a kan mai rai.

In babbar jijiyar wuya ce ta toshe daga gindi

Nan ne tambayar nan ta daga ina jijiya take samun jini take aiki. Ta gaban kunne, ta bayan kunne, ta ƙeya, ta muƙamuƙi, duk uwarsu ɗaya. In babban bututun unguwa ya fashe, famfon maƙwabcinka ma a bushe yake. Har ma za ka ga 'yan jinin da ke cikinsu daga jijiyar ƙashin wuya yake zuwa, yana bin ta ƙeya da baya.

Hanya uku na sani. A fara gyara gindin, a jawo jini daga jijiyar da ke ƙarƙashin ƙashin da ya haɗa kafaɗa da ƙirji zuwa reshen wajen kai, in ta gaban kunne ta farfaɗo sai a yi baifas ɗin da aka saba. Ko a ɗauko daga jijiyar ƙashin wuya, daidai inda take kwanciya a kan ƙashin wuya na farko, a jona da yanki, amma wannan na nufin matse jijiyar da wataƙila ita ke riƙe da mutumin. Ko kuma, in dama ta ƙi a koma hagu: Spetzler ya bayyana a 1980 yadda ake ɗauko jini daga ta gaban kunnen ɗaya gefen, a ratso da dogon yanki ta tsakar kai. Nakan ce a sassaƙa wa yankin kwari a jikin ƙashi ya kwanta ciki, don fata kaɗai ba ta kare shi daga matsi.

Yankin jonawa, jijiyar tsintsiyar hannu na fi so, domin kaurinta ya fi kusa da na jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Sai ka gwada tukuna: matse jijiyoyin hannun biyu, mutum ya dunƙule ya buɗe, ka saki ta gefen ƙaramin yatsa, ka ga ko tafin zai yi ja cikin 'yan daƙiƙu. In bai yi ba, bar masa abarsa. Aibinta tsukewa, shi ya sa ake hura ta da ruwan gishiri mai hefarin, maganin hana jini daskarewa, kafin a dasa. Doguwar jijiyar ƙafa tana da 'yan ƙyamare a ciki masu barin jini ya bi hanya ɗaya, dole a juya ta, a kuma ja mata layin tawada don a gane in ta murɗe.

Auna kafin ka ɗinka

Kowace ka zaɓa, bayan ka yanke bakinta saki matsin ka ga yadda take zubarwa. Sepideh Amin-Hanjani da Fady Charbel a Shikago sun nuna a 2005 cewa in jinin da ke bi bayan ɗinki ya kai rabin wanda jijiyar ke zubarwa a sake, kashi 92 na zama a buɗe, in bai kai ba kuwa rabi ne kawai. In ba ku da na'urar awon, tara jinin a sirinji kana duba agogo. Jijiyar da ke ɗiga maimakon tsartuwa, nemi dalili tun yanzu: ko ta murɗe, ko bangonta ya tsage daga ciki, ko uwarta ce ba lafiya. Zaren ɗinki mai lamba 10-0 ba ya gyara wannan.

Yara, musamman masu sikila

A wajenmu yaron da ya zo da irin tsukewar moyamoya, sau da yawa sikila ce a ƙasa. Rigakafi ne gaba: awon gudun jinin kai da Dofla, wanda ya kai santimita 200 a daƙiƙa yana cikin haɗari, a sa shi a ƙarin jini ko ƙwayar haidiroksiyuriya, wadda binciken da aka yi a Kano ya nuna amfaninta ga yaranmu. In har aka kai ga aiki, jijiyoyin yaro sukan yi ƙanƙanta ga ɗinki. Sai a shimfiɗa jijiyar fatar kai a kan ƙwaƙwalwa ba tare da an yanke ta ba, ta fitar da saiwoyi cikin watanni. In babu ta gaban kunne, ta ƙeya na yin wannan aiki, tsokar tauna na yi, tantani na yi, har huda ƙashi wuri-wuri ana yi. A sauko da jinin sikila ƙasa da kashi 30 kafin aiki, a cika shi da ruwa, kada ya yi sanyi. A hana shi kuka mai tsawo, domin saurin numfashi na tsuke jijiyoyin kai, shi ya sa nake barin uwa ta rako shi har ƙofar tiyata.

Abin da za ka faɗa wa iyali ranar sallama

Sabuwar hanyar jinin a ƙarƙashin fata take, abu kaɗan ke matse ta. Ni da kaina nake nuna musu layin da yatsa, ba na barin wa takarda. "Hajiya, ɗankwali a sassauta, kada ƙullin ya zauna nan." "Baba, hula mai ɗan faɗi, rawani ma kada a tamke, ƙafar tabarau in tana danna wurin a canza." Wanda aka ɗauki ta ƙeyarsa ya kwanta a ɗaya gefen na makonnin farko. Asfirin kullum, maganin hawan jini kuma kada wani ya ƙara masa ko ya rage sai an tambaye mu, kuma azumin bana sai mun zauna mun duba tare, don ƙishirwa na saukar da jini. Mai aski ya bi wurin da almakashi. Ƙaho ko tsaga a ƙeya ko gefen kai kuwa, ku gaya wa wanzami an hana har abada.